Makulli Biyu a Akwatin Baiko

A shekarata ta biyu a makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, an tura ni aikin gwaji a wata ƙaramar ikilisiya da ke ƙasar Zuru a Jihar Kebbi, kuma a can ne tambayar ko ya kamata mai bi ya amince da mutum, wadda na ɗauka ta jarrabawa ce kawai, ta zama maganar kuɗi da mutunci. An sayar da buhunan dawar godiyar kaka, sai ma'aji ya taɓa kuɗin ya sayi taki da niyyar mayarwa, amma gonarsa ba ta yi kyau ba, asiri ya tonu.

Dattawa suka zauna a kan bencinan majami'a bayan sujada. Wani ya buɗe Irmiya 17:5, inda aka la'anci mai dogara ga mutum, ya ƙara da Karin Magana 25:19, wadda ta kwatanta dogara ga maci amana a ranar wahala da karyayyen haƙori. Wani kuma ya ja 1 Korantiyawa 13:7, inda Bulus ya ce ƙauna tana gaskata kome. Sai suka juyo gare ni, babbansu ya ce, "Malam, kai ne mai karatu, wacce za mu bi?" Na ce, "Baba, a ba ni lokaci," domin gaskiya ba ni da amsa.

Malaminmu bai ba ni amsar ba, sai ya tura ni Yahaya 2:23-24, ya ce in duba kalmar da aka sa a Helenanci, wato harshen Girka da aka fara rubuta ayar da shi. A nan aka ce mutane da yawa a Urushalima sun gaskata da Yesu, amma shi bai amince musu da kansa ba, kuma kalma ɗaya ce aka yi amfani da ita a wuraren biyu, ita ce kuma Bulus ya sa a ayar ƙauna. Duk da haka wannan Yesun da ya san halin mutum shi ne ya bar jakar kuɗi a hannun Yahuza Iskariyoti, wanda Yahaya 12:6 ta ce yana ɗiba daga ciki, shi ne kuma ya danƙa wa Bitrus kiwon tumakinsa bayan ya yi musunsa sau uku.

Daga nan na gane cewa abu biyu nake cakuɗawa. Irmiya yana magana ne da mutanen ƙasar Yahuza waɗanda zuciyarsu ta rabu da Ubangiji, a zamanin da sarakunansu suke jingina da Masar domin tsoron Babila, wato dogara irin ta wanda ya ɗora rayuwarsa kacokan a kan ɗan adam. Ba wa mutum amana kuwa wani abu ne dabam, domin ana iya auna ta, a ƙara, a rage, har a janye. Ko manzanni ba su yi baki ɗaya a kan awon ba: Bulus da Barnaba sun rabu a kan Markus, wanda ya bar su a Bamfiliya, sai ga Bulus a 2 Timoti 4:11 yana cewa a zo masa da shi domin yana da amfani.

Abin da na kai wa dattawa shi ne 2 Korantiyawa 8:18-21, inda Bulus da kansa ya yarda wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa ya raka gudummawar da aka tara, don kada a zarge shi. Suka bar ma'aji a kan aikinsa, ya riƙa biyan bashin kaɗan-kaɗan, aka ƙara kwaɗo na biyu a akwatin baiko, wato inda ake ajiye kuɗin da masu sujada ke bayarwa, ana kuma ƙirga kuɗi gaban mutum uku. Dattijon da ya karanta Irmiya bai gamsu ba har na bar garin, shi ne kuwa aka ba makulli na biyu.