Kwalaben da suka ci mini wata 7

Gobe zan miƙa makullin ɗakin gwaji, bayan shekara 3 ina kiwon makrofaj na ɓera, ƙwayoyin nan na garkuwar jiki masu haɗiye baƙon abu.

Aikina shi ne bin diddigin yadda intaferon-gamma, furotin da ƙwayoyin T ke aikawa a matsayin saƙo, ke zuga su su kashe ƙwayoyin sankara. Tun 1983 Carl Nathan da abokan aikinsa suka nuna shi ne mai zaburar da makrofaj. Amma sau da yawa share fage kawai yake yi. Sai an ƙara wani abu kamar LPS, dafin da ke jikin bangon wasu bakteriya, sannan ƙwayar ta shiga sarrafa ajinin, ɗaya daga tubalan gina furotin, tana fitar da iskar nitirik oksaid, wanda ke toshe numfashin ƙwayar sankara.

Ni kuwa nawa da intaferon kaɗai suke kisa. Kullum ruwan gwajin Griess, mai nuna alamar nitirik oksaid, sai ya rine ya yi ruwan hoda, ni ko murna har kunne, na zauna na rubuta babi guda cur. Wata rana ɗalibar da ke ƙasa da ni ta ce, "Yaya, ko za ka zuba polymyxin B mu gani?" Maganin nan yana ɗaure LPS. Na zuba, kisan ya tsaya cak. Ashe dafin yana cikin kwalaben gilashin da muke wankewa muna maimaitawa. Tukunyar tururi tana kashe bakteriya, amma ba ta lalata shi. Sai busasshen zafi na digiri 250 a ma'aunin Celsius har rabin awa.

Laifina ne da ban gwada tun farko ba, na yarda. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Malam mai duba aikina, wanda don tsimin kuɗi ya hana sayen robobin da ake yarwa, shi ya tashi a taron Litinin ya kira ni mai ganganci a gaban kowa. Na ce, "Allah ya huci zuciyar Malam," na zauna. Har yau bai taɓa ambaton kwalaben ba.

Sauran darussan ba su da tsawo. Rubuta kwanan wata a kan kowace kwalba. Ɓera ba mutum ba ne: makrofaj ɗin ɗan Adam a faranti da ƙyar yake fitar da nitirik oksaid, don haka kada ka yi wa mai sankara alkawari da sakamakon ɓera.

Na maimaita komai daga tushe, da kwalaben da na gasa da hannuna. Sunan ɗalibar nan shi ne na biyu a takardar, ni na dage sai an sa.