Tifa da mai keke a titunan Katsina

Sana'ata kai wa magina yashi da tsakuwa da jar ƙasa. Tifofi gare ni 'yan kaɗan, masu taya goma, muna aiki cikin birnin Katsina da kewaye. Tsadar gas da kayan gyara suna ci mana tuwo a ƙwarya, amma abin da ke hana ni barci mai keke ne.

Wanda bai taɓa zama a gaban tifa ba ba zai gane ba. Tun 1972 da ƙasar nan ta koma bin hannun dama, direba a hagu yake, can sama, shi kuwa mai keke bakin titi na dama yake bi, daidai inda idon direba ba ya kaiwa. Ɗan makaranta zai tsaya daf da tayar gaba yana ganin ai an gan shi. Wallahi ba a gan shi ba. Sannan idan tifa za ta karya kwana dama, sai ta fara buɗewa hagu. Mai keke ya ga fili ya kutsa, alhali tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa. Ga lodi a kanta, birki ba ya tsayar da ita nan take.

Laifin ba na direba kaɗai ba ne, har da mu masu motocin. Muddin da sawu ake biyan direba, to gudu aka saya. Shi ya sa na mai da nawa 'yan albashi. Abokan sana'a sun ce asara nake nema, kuma gaskiya sawu ya ragu. Na yarda da hakan.

A Landan, tun 2021 motar kaya da ta haura tan 12 ba ta shiga gari sai da izini, bayan an auna iya abin da direba ke gani daga mazauninsa. Mu ba mu kai nan ba. Abin da ƙarfina ya kai shi na yi: na ƙara madubi mai kallon ƙasa a dama, na sa mai walda ya gitta ƙarafa tsakanin tayar gaba da na baya don kada wanda ya faɗi ya shige ƙarƙashi, yashi kuma sai an rufe shi da tampol, don wanda ya zube a kwalta santsi ne ga keke.

Karen mota ma aikinsa ya wuce wanke mota. Kafin kwanar dama sai ya leƙa ya ce, "Oga, ba kowa," sannan a juya sitiyari. Lokacin tashin makaranta kuwa motata ba ta bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa da lodi. Magini ya yi ta kira, sai in ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, yashinka na zuwa bayan azahar."