Gadar da ke tsakanin Python da OpenCV

Aikin da aka ba ni shi ne tsabtace hotunan tsofaffin takardu, shafuka dubbai, wasu sun dishe, wasu sun karkace. Da OpenCV nake yi, wato laburaren manhaja na sarrafa hotuna, ta cikin yaren shirya manhaja na Python. OpenCV ɗin da ake saukewa da pip, manhajar girka laburaren Python, ba ya aiki da CUDA, fasahar da ke sa katin hoto na NVIDIA ya yi lissafi, don haka katin da ke kwamfutar ofis yana nan zaune ba ya tsinana komai. Sai na ce bari in harhaɗa laburaren da kaina, wato in gina shi daga tushen lambarsa.

Na kunna CMake, manhajar da ke tsara yadda za a yi ginin, rubutu ya yi ta zuba, ban tsaya karantawa ba na buga make, umarnin da ke fara ginin. Fankar kwamfuta ta yi ta kuka tun bayan azahar har aka kira isha'i. Aka gama lafiya lau. Na buɗe Python na rubuta import cv2 don kiran OpenCV (cv2 ne sunansa a Python), ya ce sam bai san da wannan ba.

Washegari na kai kuka wurin wani babba a ofis. Ko allon bai kalla ba ya ce, "Malam, ka kuwa karanta abin da CMake ya gaya maka?"

A nan na fahimci inda gizo ke saƙa. Cikin OpenCV da C++ aka rubuta shi, Python kuwa ba ya jin wannan yaren, sai an gina masa gada. Lokacin harhaɗawa, wani ɗan shiri mai suna hdr_parser.py yana bin fayilolin C++ yana tsinto duk aikin da aka yi wa alamar CV_EXPORTS_W, gen2.py kuma ya rubuta masa lambar da Python zai kira shi da ita. Kuma gadar nan ba ta kowa da kowa ba ce. Ana gina ta ne daidai da Python guda, tare da NumPy ɗinsa, wato laburaren lissafi na Python, domin a cv2 kowane hoto jerin lambobin NumPy ne. Kwamfutar tana da Python har uku. CMake ya ɗauki wanda ya zo da tsarin kwamfutar, shi kuwa babu NumPy a cikinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ya tsayawa in bai samu ba, tsallakewa kawai yake yi. Ga python3 nan ƙuru-ƙuru a jerin abubuwan da ba za a gina ba, cikin taƙaitaccen bayanin da na ƙi karantawa. A ganina ya kamata ya yi gargaɗi da babbar murya, amma dai ya faɗa.

Na nuna wa CMake hanyar Python ɗin da nake so da saitin PYTHON3_EXECUTABLE, amma wasu tsofaffin hanyoyin suka maƙale a CMakeCache.txt, fayil ɗin da yake adana saitunansa. Sai da na share babban fayil ɗin ginin gaba ɗaya na sake daga farko.

Bayan NumPy 2.0 ya fito a watan Yuni na 2024, wani abokin aiki ya sabunta shi, gadar ta sake karyewa, don abin da aka harhaɗa da tsohon NumPy ba ya tafiya da sabon. Wannan karon ban ɓata yini ba. Yanzu a gefen kowane gini ina ajiye ɗan fayil mai ɗauke da lambar sigar Python, lambar sigar NumPy, umarnin CMake kalma da kalma, da abin da cv2.getBuildInformation() ya buga. Kuma ba na taɓa make sai na ga layin NumPy ya cika a bayanin CMake.