Gyaran saksofon da koyar da ninki a Damagaram

Gyara ne ke riƙe da shagona. Saksofon, kilarinet, wani lokaci torompet, duk abin busa na Bature da ya lalace a garin nan yakan biyo ta wurina, don masu wannan aiki ba mu da yawa. Masu kawo mini kaya ƴan fanfar ne, wato masu busar fareti, da makaɗan coci, da ƴan orkestan biki da suka rage tun da piyano mai kuran ya cinye musu kasuwa. Wannan kaɗai ba ya cika tukunya, shi ya sa nake sayar da tsirkiyar gita da wayoyin lasifika, da yamma kuma in koyar da busa.

Lokacin hunturu ne kasuwata. Saksofon alto yana da tampo fiye da 20, wato ƴan fatun nan da ke rufe ramukan jikinsa. Iskar hunturu takan busar da su, ƙura ta shiga ƙarƙashinsu, sai su daina rufewa ruf. Nakan rufe ƙofar shago, in zura fitila cikin ƙahon, in danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Inda haske ya leƙo, nan iska ke zurarewa. Wani tampon ɗumama shi kawai zan yi in daidaita zamansa, wani sai an canja. Sabbin tampo da ansh, ɗan karan da ake ɗaurawa a bakin ƙahon, daga Kano nake samo su, ko in yi saƙo daga Faransa ta hannun wani a Yamai. Da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 sai da kwalin ansh mai guda 10 ya zama abin rabawa ɗai-ɗai, kowa yana lallaɓa nasa har ya tsage.

Ta wannan gyaran koyarwa ta shigo. Saurayi zai zo da ƙaho a hannu ya ce, "Maigida, abin nan ba ya gudu." Wani lokaci gaskiyarsa ce. Ƙahon da ke zurar da iska yakan tilasta maka matse maɓallai da ƙarfi, yatsan da ya matse kuwa ba ya saurin ɗagowa. Akwai kuma tampon sol diyez, sautin da ke ɗan sama da sol a jerin do re mi, wanda a rufe yake zaune kullum, ga samarinmu da shan shayi mai sukari kafin busa. Sai ya manne, ka danna ya ƙi tashi. Takarda mai tsabta nake zurawa ƙarƙashinsa in ja, in ce da mai shi ya riƙa kurkure baki. Amma sau da yawa in na gama, na busa ƙahon a gabansa ya ji lafiya lau yake, sai in ce, "Ɗana, zauna, busa mini abin da kake so ya gudu." A nan ake gane ya ji Charlie Parker, gwanin saksofon na kiɗan jaz a Amurka, a salula ne, yana son ninki, wato ninka saurin busa.

Ga yadda abin yake. A jaz, galibi kowace mezur, wato gaɓar da ake auna kiɗa da ita, bugu 4 ce, mai busa kuma yakan sa sauti 2 a kowane bugu, 8 ke nan a mezur. In ya ninka sai ya sa 4 a bugu, 16 a mezur, alhali mai ganga da mai kaɗa bas, abin kiɗan nan mai kaurin murya, suna nan kan tafiyarsu, akor ma, wato sautukan da ake haɗawa a kaɗa tare, ba su ƙara sauri ba. Kamar lugude ne: mace ɗaya na daka, ta biyu ta shigo da taɓaryarta a tsakanin bugun ta farko, ƙarar ta ninku amma ta farkon ba ta canja hannu ba. In metoronom, na'urar da ke ƙirga bugu a minti, na kan 60, sauti 4 ne a daƙiƙa. In yana kan 120, sun zama 8. Shi ya sa aka fi jin ninki a waƙoƙi masu sanyin tafiya da salon kiɗan bulus mai mezur 12, inda akwai fili. Parker, wanda ya rasu a 1955 yana da shekara 34, a nan ya fi ba mutane mamaki, ya kuma faɗa a wata hira ta rediyo a 1954 cewa ya yi shekara uku zuwa huɗu yana gwaji awa 11 zuwa 15 a rana. Wannan nakan gaya wa masu gaggawa, ko da yake ban taɓa ganin ya rage wa wani gaggawa ba.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne masauki. Yaro zai iya sakin yatsu su yi ta zuba, amma in ka tambaye shi a kan wane sauti zai sauka, a kuma wane bugu, sai ya yi shiru. Ninkin da bai san masaukinsa ba hayaniya ce, mai sauraro ko bai san do da re ba zai ji an yi tuntuɓe. Don haka daga ƙarshe muke farawa. Mu ɗauki akor uku a jere: re minor, sol 7, sannan do. Na ce masa, a bugun farko na do ina son in ji mi. Ya busa mi ɗin kaɗai har ya zauna masa a kunne. Sai mu sa sauti biyu a gabansa, fa daga sama, re diyez daga ƙasa, su kewaye shi. Sai mu ƙara har su cika bugu guda, sannan bugu biyu, muna ja da baya. Kowane ƙari, masaukin bai motsa ba.

Sai sikeli, wato jerin sautuka, wanda ƴan bibop, salon jaz irin na Parker, suka ƙara wa sauti ɗaya. A kan sol 7, in ka sauko sol, fa diyez, fa, mi, re, do, si, la, sauti 8 ke nan cif. Duba na ɗaya, na uku, na biyar da na bakwai: sol, fa, re, si, wato sautukan akor ɗin kansa, kowanne ya faɗa wuri mai ƙarfi. Cire fa diyez ɗin ka ji yadda lissafin ke karkacewa. A ninki wannan layin bugu biyu kawai yake ci, sai ka samo masa abokin da zai cike sauran. Akwai kuma ƴan gutsattsari masu sauti 4, irin do, re, mi, sol, waɗanda John Coltrane, wani gwanin saksofon, ya yi ta aiki da su a 1959. Kowane gutsure bugu guda ne daidai. Nakan sa a zagaya da su duk ton 12, wato a fara su daga kowane sauti, har waɗanda ba wanda ke so, su fa diyez da si.

Metoronom na salula muke sawa a 50 ko 60, ƙafa tana bin bugu. Mezur ɗaya da sauti 8, mai bi mata da 16, a koma 8. Wahalar tana wajen komowa. Kusan kowa in ya fito daga ninki yakan tarar ya wuce metoronom, domin zuciya ta ɗauka waƙar ce ta ƙara sauri. Sai ya iya shiga da fita ƙafarsa ba ta girgiza ba nake barinsa ya ƙara 4 a kan lambar. Kafin ma ya ɗauki ƙaho nakan sa ya rera layin da baki. Wanda bakinsa ya kasa, ban taɓa ganin yatsunsa sun iya ba, sai dai su yi wani abu mai kama da shi.

Harshe ma da aikinsa. Masu fitowa daga fanfar sun saba sa harshe a kowane sauti, ta-ta-ta, irin na fareti. A ninki wannan ba ya yiwuwa, kuma ba daɗin ji. Harshe na taɓa ansh a hankali a kan sauti na biyu da na huɗu, sauran a haɗe suke tafiya da numfashi ɗaya, wasu ma a haɗiye su rabi. Rangajin nan na jaz da ake kira suwing, inda sauti ɗaya ke fin na biyu tsawo, kuma yana raguwa, sautukan su kusa zama daidai da juna, lafazin ya koma kan inda ka ɗan ƙara iska. Yatsu kada su rabu da maɓalli. Akwai wuri guda da ke tona asirin kowa: daga do diyez na tsakiya, inda duk yatsu ke sama, zuwa re, inda yatsu shida da babban yatsa ke sauka tare. In ɗaya ya makara, sai a ji wani ɗan sauti da ba a gayyata ba. Si bemol kuma, sautin da ke ɗan ƙasa da si, yana da hanyar kamawa fiye da ɗaya, sai ka zaɓi wadda za ka bi tun wajen gwaji.

Game da numfashi, nakan tura su fada ranar hawan salla su kalli masu algaitar Sarkin Damagaram, yadda suke cika kumatu suna jan iska ta hanci busa ba ta yanke ba. Ba don su kwaikwaya ba, ninki bai buƙatar haka. Ina so su ga yadda iskar ke tafiya miƙe ko yatsu na ta rawa, domin mai koyo in ya ga sautuka sun yi yawa yakan rage iska saboda tsoro, layin ya shaƙe.

A wurin biki nakan ce mezur ɗaya ko biyu sun isa, sannan a dawo a bar wa mai waƙa fili. Wanda ya ninka daga farko har ƙarshe, a nawa kunnen, ya gajiyar da mutane, kuma masu liƙi ba sa tasowa. A gaya wa mai ganga tun kafin a hau, don namu in suka ji saksofon ya zabura sukan bi shi, waƙar duka ta tsere, masu rawa su tsaya suna kallo.

Kuɗin darasi a wata nake karɓa, wanda ke koyo a wurina kuma nakan duba masa ƙaho kyauta kafin hunturu. Tampo da ansh dai shi zai saya, kuma masu gwajin ninki sun fi kowa cin ansh.