Kwanon zobba da kwanon injin juyi: inda na kai

'Yan uwa masu koyon aikin katako, ga inda na kai a gwajin kwanon zobba, tunda wasunku sun tambaya ko ya isa a ajiye injin juyi, wato injin da ke juya gungumen itace ana sassaƙa shi da wuƙa, dominsa. Bai isa ba. Amma akwai gurbin da ya fi injin juyi nesa ba kusa ba, kuma gurbin ya shafi aljihunmu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, falankin katako ake samu busasshe, a fitar da faifai daga jikinsa, a huda tsakiya a ɗaura shi a kan sandar da ke juyawa. Na'urar, irin wadda Amurkawa ke sayarwa da sunan Ring Master, tana da wuƙaƙe biyu masu fuskantar juna, ɗaya ta shiga ta gaba, ɗaya ta baya, su haɗu a tsakiyar kaurin katakon, zobe ya fita. A karkace suke yanka. Saboda haka idan ka jera zobban, ƙarami a ƙasa, babba a sama, sai su hau kan juna su tashi kwano. Tawa ba 'yar Amurka ba ce, wani maƙeri a kasuwar Panteka ta Kaduna ya haɗa mini ita bayan na zana masa, muka ɗaura a jikin injin juyin shagonmu.

Karkatar wuƙar nan ita ce aikin gaba ɗaya, a nan nake so ku tsaya. Ana so saman ƙaramin zobe ya yi daidai da gindin wanda zai hau kansa. Idan kaurin katakonka santimita 2 ne, kuma kana matsar da wuƙa santimita 1 a kowane yanka, karkatar za ta zama wajen digiri 27. Idan ka matsar da santimita 2, ta zama digiri 45, kwanon ya buɗe kamar faranti. Kaurin ka auna da kanka bayan an goge katakon, kada ka dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa, domin wanda ake kira inci ɗaya a kasuwa yakan ragu bayan gogewa. Milimita ɗaya ta ɓace, sai ka ga tsani a bangon kwano, kuma samfefa ce za ta biya bashin, bangon ya ƙara sirancewa.

Yanzu lissafin da ya sa na ɗauki hanyar da muhimmanci. Faifai mai faɗin santimita 25, kauri 2, ya ba ni zobba huɗu da gindi, kwano mai tsayin santimita 10. A injin juyi sai na nemi gungume mai wannan faɗi, kaurinsa santimita 10, in rarake cikinsa, mafi yawansa ya zube ƙasa ya zama gari. Ga yadda maɗaci da ƙawo suka yi tsada a Kaduna, ga guntaye jibge a shagunan kafintoci ana hura wuta da su, abin yana ci mini rai. Guntayen nan nake saye. Nakan haɗa tsirin maɗaci ja da na malaina fari da gam kafin in fitar da faifan, sai ado ya fito da kansa.

Kafin ka yanka, ja layi da fensir daga gefe zuwa gefe, ka bi shi wajen jera zobban. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma motsin ta faɗinsa yake yi, ba ta tsawon jijiya ba. Ka juya zobe ɗaya ya gicciye ɗan uwansa don kwalliya, iskar Disamba da Janairu za ta nemi bakin gam ɗin ta buɗe shi. Ramin tsakiya kuwa ƙaramin abu ne, fegi ake fiƙewa a toshe shi. A sa takunkumi lokacin gugar samfefa, ƙurar maɗaci tana da ɗaci kuma tana shaƙe ƙirji.

Inda injin juyi ya tsere shi ne siffa. Kwanon zobba bangonsa miƙaƙƙe ne, lissafi ne ya zaɓa maka shi, sai dai ka ɗan sauya karkata daga zobe zuwa zobe. Cikin nan mai lanƙwasa irin na akushin da masassaƙa ke fafewa da gizago, wanda hannu ke bi ya kwaso loma ba tare da ya ci karo da lungu ba, sai a gungume ɗaya ake samunsa. Ga kuma maganar gam: farin gam da muke saye a kasuwa ba ya jure zafi da jiƙa. Ba zan zuba tuwo da miya a kwanon zobba ba, kuma ba zan sayar wa kowa da sunan haka ba. Na dabino ne, da goro, da gyaɗa, da aya.

Injin juyi kuma haƙuri yake nema. Ɗanyen itace ya fi daɗin yanka, amma sai ka bar bangon da kauri, wajen kashi ɗaya cikin goma na faɗin kwanon, ka ajiye shi a inuwa watanni ya bushe ya karkace, sannan ka mayar da shi kan inji ka daidaita. Na ajiye irin waɗannan na ɗinya a cikin buhun takarda, na lulluɓe su da garin katakonsu don kada su bushe da gaggawa su tsage.

Abin da ke gabana shi ne haɗa hanyoyin biyu: in yanka zobba masu faɗin santimita ɗaya da rabi, bayan gam ya kama in ɗaura kwanon a injin juyi, in ga iya lanƙwasar da naman bangon zai ba ni. Wanda ya riga ni gwadawa da ƙawo, don Allah ya faɗa mini yadda wuƙaƙensa suka jure taurinsa.