Inda kuɗin zauren intanet yake fitowa, da inda yake zurarewa

Duk wanda ya tara jama'a a intanet, talla ce take fara zuwa masa a rai, domin ita yake gani a manyan dandalin sada zumunta. Da ita na fara a zauren da nake gudanarwa na masu haɗa wutar sola, kuma lissafinta ne ya nuna mini cewa hanyar da take ciyar da Facebook ba lallai ta ciyar da zaure mai mutum dubu goma ba.

Manyan dai tallar ce cinsu da shansu. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kusan dala biliyan 135, kuma kimanin kashi 98 cikin 100 na kuɗin daga talla ne. Duk lokacin da ka ja allon waya, gurbin talla ɗaya yana buɗewa, kwamfuta ta yi gwanjonsa kafin ƙiftawar ido. Ba wanda ya fi taya kuɗi ne kaɗai yake ci ba. Ana haɗa tayinsa da yiwuwar kai ɗin nan za ka danna ko ka saya, da kuma ingancin tallar. Amfanin bayanan da ake tarawa a kanka ke nan, a iya ƙiyasta wannan yiwuwar. Shi ya sa da Apple ya fito da tsarin neman izini kafin manhaja ta bi sawun mai iPhone a 2021, Meta da kansa ya ce abin zai ci masa kusan dala biliyan 10 a 2022. An rage masa gani, sai gurbinsa ya rage daraja.

Ƙaramin zaure ba shi da waɗannan bayanan, ba shi kuma da yawan. Ga lissafin da nake yi wa duk wanda ya tambaye ni. A ce ana buɗe shafukanka sau 200,000 a wata, a ce kuma kowane buɗawa dubu yana kawo dala ɗaya. Dala 200 ke nan, kafin ka cire kuɗin saba, wato kwamfutar da take ɗauke da shafin, da na aika imel da na ajiyar hotuna. Farashin buɗawa dubun nan ma ba a tsaye yake ba. Ya danganta da ƙasar da mai karatu yake, da batun da ake tattaunawa: inshora da rance sun fi barkwanci tsada nesa ba kusa ba. Yana tashi a ƙarshen shekara, ya faɗi a Janairu. Mambobin da kullum suna nan kuwa idonsu ya saba da gurbin, ba sa ganinsa, wasu ma sun saka manhajar toshe talla. Baƙon da ya shigo daga binciken Google ya fi kawo kuɗin talla a kan wanda yake rubuta amsa kullum, abin da yake da ɗan ciwo idan ka duba wane ne yake riƙe da zauren.

Akwai abubuwa biyu da suke jawo a rufe asusun AdSense, wato tsarin Google na saka talla a shafukan mutane, kuma duka biyun daga mambobi suke zuwa. Na farko ƙauna ce: wasu sai su riƙa danna tallar don su taimaka maka, Google kuwa yana ɗaukar wannan a matsayin dannawar bogi, ya riƙe kuɗin ko ya rufe asusun gaba ɗaya. Na biyu, duk abin da mamba ya wallafa a shafin da talla take, kai ne da alhakinsa, ko hoton batsa ne ko manhajar sata. Don haka ban saka talla a sashen da ba a tace ba. Kuma Google ba ya biya sai kuɗinka ya kai dala 100.

Idan zaurenka rukuni ne a Facebook ko WhatsApp, tallar da take kewaye da shi ta mai dandalin ce, ba taka ba. YouTube yana rabawa: kashi 55 cikin 100 ga mai tasha a dogon bidiyo, bayan ya cika mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Telegram ma tun 2024 yana ba masu tashoshin da suke a buɗe rabin kuɗin tallar da aka nuna a cikinsu.

Kwalliya ta fara biyan kuɗin sabulu ne da na koma sayar da gurbi kai tsaye ga masu sayar da batir da infata da faranti. Su ba yawan ido suke nema ba, mutanen da suke sayen kayansu suke nema, kuma zauren sana'a ɗaya cike yake da su. Takarda shafi ɗaya nake kai musu: mutum nawa ne suka shigo cikin kwana 30 da suka wuce, aikin me suke yi, daga waɗanne ƙasashe. Adadin waɗanda suka yi rajista ba na saka shi, domin rabinsu na iya zama sun daɗe da tafiya, kuma mai talla zai gane a watan farko. Farashi tsayayye ne na wata, a biya kafin a ɗora. Kamfani ɗaya ga kowane nau'in kaya. Kowa da lambar rangwamensa ko linkinsa na daban, don ya ga cinikin da ya fito daga wajenmu, in ba haka ba ba zai sabunta ba. A saman kowane gurbi a rubuce yake ɓaro-ɓaro cewa talla ce.

Sharaɗin da ba na sassautawa shi ne kuɗin talla ba ya sayen goge suka. Ba makawa wata rana wani mamba zai rubuta cewa batirin mai tallarka ya mutu cikin wata shida, mai tallar kuma ya kira ya ce a cire. Idan ka cire, mambobi za su sani, domin wani ya riga ya ɗauki hoton allon, daga nan duk shawarar da aka bayar a zauren sai a ɗauka ta kuɗi ce. Abin da nake ba kamfani shi ne damar amsawa da sunansa a ƙarƙashin sukar. A rubuta wannan a yarjejeniya tun farko.

Kamasho a kan linkin saye yana kawo ɗan abu, amma taga ce ƙarama. A tsarin Amazon awa 24 ne daga dannawa, kuma idan aka mayar da kaya kamashon ya tafi. Kaya masu tsada mutum yakan yi mako yana tunani kafin ya saya.

Sai biyan wata-wata, wanda ya fi kowanne buƙatar hankali. Akwai ƙiyasin da Jakob Nielsen, masani kan yadda mutane suke amfani da shafukan intanet, ya yaɗa a 2006: a yawancin zauruka kashi 90 karatu kawai suke yi, kashi 9 suna ɗan tofa albarkacin bakinsu, kashi 1 ne suke rubuta mafi yawan abin da ake karantawa. Kashi ɗayan nan kyauta suke yi, ladansu shi ne a gani a yaba. Idan ka kulle tambaya da amsa sai an biya, ka kore musu masu sauraro, su ma su tafi. Na bar tattaunawa a buɗe, na sayar da abin da yake gefenta: jadawalin lissafin girman batir da wayar wuta, darasi kai tsaye sau ɗaya a wata, da jerin ƙwararru da masu neman a yi musu aiki suke dubawa.

Lissafin nan ma yana da rami. A ce mutum 300 suna biyan dala 5, dala 1,500 ke nan. Idan kashi 8 cikin 100 suna fita kowane wata, sai ka samo sabbin mutum 24 kafin ka tsaya inda kake. Da yawa ba fushi suka yi ba, katinsu ne ya ƙare ko banki ya ƙi biya, don haka saƙon tuni da sake gwada cirar kuɗin bayan 'yan kwanaki suna dawo da wasu. Idan ta cikin manhajar waya ake biya, Apple da Google suna ɗaukar kashi 15 zuwa 30. Kamfanonin karɓar kati suna da kaso da kuma tsayayyen caji: Stripe a Amurka yana cire kashi 2.9 da santi 30, wanda a kan dala 2 ya kai kusan kashi 18. Ƙaramin farashi a wata asara ce, gara a haɗa shi na shekara. WhatsApp ma yana karɓar dala ɗaya a shekara har 2016, ya daina, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa mutane da yawa ba su da katin biya.

Tallar neman ma'aikata ita ce ta fi zama lafiya da mambobi, domin su ma suna son ganinta. Mai neman ma'aikaci ne yake biya, mai neman aiki ba ya biyan ko sisi. Hanyar da LinkedIn ya daɗe a kanta ke nan, wanda Microsoft ya saya dala biliyan 26.2 a 2016.

Sabuwar ƙofa ita ce sayar da damar amfani da rubutun mambobi. A 2024 an ruwaito dandalin tattaunawa na Reddit ya ƙulla yarjejeniyar kusan dala miliyan 60 a shekara da Google don horar da ƙirƙirarriyar basira. Sai dai a Yunin 2023, da Reddit ya saka kuɗi a kan hanyar da manhajojin waje suke jawo bayanansa, masu kula da dubban zauruka sun kulle su don nuna fushi. 'Yan sa kai ne, ba albashi, kuma su suke riƙe da makullan.

Kuɗin kula da zaure shi ne mutane suke mantawa a kasafi. Da zarar an ga talla a wajenka, masu jefa linkin damfara za su ninku, domin sun gane akwai masu saye. Sabon asusu a wajena ba ya iya saka linki sai an amince da rubutunsa na farko, saƙon sirri kuma a rufe yake gare shi na mako guda. Daga kowane kuɗin da ya shigo nakan fara ware kason masu kula kafin kuɗin saba, kuma nakan gaya musu duk sabuwar hanyar samun kuɗi kafin mambobi su gan ta a allo.