Na sayo kan inji babu takobi: mako uku ina fama da tsohon Stihl 038

'Yan uwa masu koyon gyaran tsofaffin injinan yankan itace, barkanmu da war haka. Kun san tun bara nake da Husqvarna 61 ɗin nan ɗan ƙasar Suwidin, wanda na canza masa fulogi da tiyon mai ya dawo yana tashi da ja biyu. To, na ƙaro na biyu, kuma shi ya hana ni sakat mako uku cur.

Stihl 038 ne, ƙirar Jamus ta shekarun 1980, kakan MS 381 da ya zo daga baya. Na same shi cikin kayan gwanjo, tsakanin wani janareta da injin ban ruwa, kai kawai, babu sarƙa, babu dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa. Masu shago bar suke ce masa, ni kuwa tun farko takobi nake kiransa, kuma da haka zan ci gaba.

Kafin in biya na yi gwaji biyu da na saba. Na riƙe igiyar tayarwa na saki injin yana reto, bai zube ƙasa ba, sai da ya riƙa sauka a hankali, tsaye-tsaye, alamar fistin da ringi suna da sauran matsi. Sannan na roƙi mai kayan ya bar ni in kwance salansa. Ya ce, "Malam, ka saya tukuna mana." Na ce, "Alhaji, in na leƙa na ga fistin a karce, ko kyauta ka ba ni kaya ne ka ɗora mini." Ya yi dariya ya miƙo sifana. Fistin sumul yake, babu layi ko ɗaya. Na biya na ɗaure shi a bayan babur.

Makon farko

Lissafin da na yi a hanya shi ne wannan: injinan biyu kusan ƙarfinsu ɗaya, kowanne a kan sisi (cc) 61, wato girman cikin injin. Takobin Husqvarna ɗina inci 20 ne, tazarar sarƙarsa, wato ma'aunin nisan ƙusoshinta, 3/8 na inci ce, ƙafafunta da ke nutsewa cikin tsagin takobi kuma 72. Na kuma san 038 mai inci 20 shi ma 3/8 yake ɗauka, ƙafa 72. Ke nan sai in cire daga wannan in ɗora wa wancan, kuɗin takobi ya huta a aljihu.

Ko shiga bai yi ba. A gindin kowane takobi akwai doguwar tsaga inda boltocin injin biyu ke shiga. Ta Husqvarna faɗinta milimita 9 ne, boltocin 038 kuwa tsaga mai milimita 12 suke so. Na juya shi, na kifa shi, na ɗan buga da tafin hannu, shiru. Har na ɗauko magagari zan faɗaɗa tsagar, sai Allah ya kawo wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana yankan katako a dazukan kudu kafin bayansa ya gaza. Ya karɓi takobin ya ɗora a gefen injin ya nuna mini da farce.

"Yaro, ko ka faɗaɗa, dubi ramin mai. Nan injin ke tofo mai, nan kuma ramin takobinka yake. Sun haɗu?"

"Ba su haɗu ba, Baba."

"To sarƙa za ta yi gudu a bushe. Kafin ka gama gungume ɗaya ka ƙona ta, ka kuma lalata takobin da ke yi maka aiki."

Akwai rami na uku ma da ban kula da shi ba, wanda ɗan ƙarfen ɗaure sarƙa ke shiga. Tsaga, ramin mai, ramin ɗauri, dole ukun su dace da injin, kuma kowane kamfani da irin nasa. Gindin da 038 ke so Stihl na kiransa 3003, kamfanin Oregon kuma D025 yake rubuta masa. Na manyan Husqvarna irin 61 da 268 da 272 shi ne D009. Abin da ya ƙara ba ni haushi, da akasin haka nake nema da sauƙi: akwai ɗan ƙarfen cike gibi da ake sa wa don takobin Stihl mai faɗin tsaga ya zauna a kan siraran boltocin Husqvarna. Tawa hanyar ce ba ta ɓullewa.

Mako na biyu

Na je kasuwa da injin kansa a buhu, kuma ina ba ku shawarar ku riƙa yin haka. Na samo takobi na hannu, inci 20, gindi 3003, ya zauna daram. Mai shagon ya ce in haɗa da sarƙa, na ce a'a, ina da ita a gida. Rowa ce, ba wani abu ba.

Na ɗora sarƙar Husqvarna, ta zagaye, tsawonta ya yi daidai, na ɗaure. Akwai reshen darbejiya da iskar damina ta karya a bayan gida, shi nake gwaji da shi, don ni dai ba na sare itace a tsaye, garinmu ba shi da inuwar da za a yi wasa da ita. Yankan farko ya tafi a karkace kamar lauje. Na biyu ma haka. Na zargi rashin kaifi, na zauna na sake wasa haƙoran duka, bai canza ba. Da na kashe injin na kama haƙori ɗaya na girgiza shi hagu da dama, sai na ji yana rawa a cikin tsagin takobi.

A nan na gane kauri. Ƙafafun sarƙa, waɗanda ke nutsewa cikin tsagin takobi, ba kaurinsu ɗaya ba. Waɗanda aka fi gani a manyan injina uku ne: milimita 1.3, da 1.5, da 1.6, a inci kuma 0.050, da 0.058, da 0.063. Sarƙar Husqvarna ɗina 1.5 ce, tsagin sabon takobin 1.6. Bambancin kashi ɗaya cikin goma na milimita ne kacal, ido ba ya gani, amma takobin na hannu ne, tsaginsa ya riga ya ɗan buɗe, sai gibin ya taru ya isa sarƙa ta kwanta gefe guda. Da mai kauri na sa a siririn tsagi, da ba za ta shiga ba, da na gane tun a tsakar gida. Siririya a faffaɗan tsagi ita ce mai yaudara, don tana shiga, tana juyawa, kana ganin komai lafiya.

Ashe duk wannan a rubuce yake a jikin kayan. Ku goge gindin takobi da fetur ku duba, galibi za ku ga tazara, da kauri, da yawan ƙafafu an buga su. A ƙafar sarƙa ma akwai lamba. Oregon na buga 72 ga 3/8 mai kaurin 1.3, 73 ga mai 1.5, 75 ga mai 1.6. Stihl kuma lamba ɗaya yake bugawa, 3 ko 5 ko 6, wato ƙarshen adadin kaurin. Tawa da na kankare dattin, 73 ce ta fito ɓaro-ɓaro. Shekara guda ina amfani da ita ban taɓa dubawa ba.

In lambar ta goge, ga yadda ake gane tazara: a auna daga tsakiyar ƙusa ta farko zuwa tsakiyar ta uku, a raba biyu. Da rula mai milimita, in tsakanin ƙusoshi ukun ya kai kusan 16.5 to 0.325 ce, kusan 19 to 3/8 ce, kusan 20.5 to 0.404 ce. Ƙafafu kuwa ƙirga su ake yi ɗaya bayan ɗaya. Ku sa alama da alli a inda kuka fara, ni sau uku ina ɓata ƙirga saboda yara na yi mini magana. Kada ku sayi sarƙa da faɗin inci kawai, don takubba biyu masu inci 20 na iya bambanta a yawan ƙafafu.

Mako na uku

Na koma na sayi sarƙar da ta dace, 3/8, kauri 1.6, ƙafa 72. Mai shagon bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi, wanda ya fi magana ciwo. Kafin in ɗora, Baba ya sa na buɗe murfin kuloci na duba giyar da ke jan sarƙa. Haƙoranta bakwai, 3/8 ce, amma tsohuwar sarƙa ta ci rami mai zurfi a jikinsu. Ƙa'idar da aka saba ita ce in ramin ya wuce rabin milimita a canza, kuma sarƙa biyu giya ɗaya. Sabuwar sarƙa a kan cinyayyar giya saurin miƙewa take yi. Na canza ta. Gefen tsagin takobin kuma na bi da shimfiɗaɗɗen magagari na daidaita, don ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu.

Na tayar, na kai hancin takobin kusa da wani farin kwali na ba shi wuta kaɗan, siririn layin mai ya fito a kan kwalin. Ramukan sun haɗu ke nan. A nan zan saɓa wa da yawa daga cikin masu sana'a: baƙin man da aka juye daga mota ba na zuba shi a tankin sarƙa, komai arharsa, don akwai garin ƙarfe a cikinsa, kuma famfon man tsohon inji ba a kowane shago ake samunsa ba. Yanka ya tafi a miƙe, kuma ɓarɓashi manya-manya yake fitarwa, ba gari ba.

Jiya Baba ya kai ni ɗakinsa ya yaye wani buhu. Stihl 070 ne, mai sisi 106, irin wanda masu tsaga katako a Nijeriya da Ghana da Kamaru suka daɗe suna dogara da shi, kuma ya rantse na asali ne, ba irin kwaikwayon da ya cika kasuwa ba. Shi sarƙar 0.404 yake ja, gindin takobinsa 3002, tsagarsa ta fi ta 038 faɗi, don haka babu abin da nake da shi a gida da zai hau kansa. Ba shi kuma da birkin sarƙa, abin da ya sa ban yi gaggawar jan igiyarsa ba. Ya ce ba na sayarwa ba ne, amma in na samo masa takobi mai inci 36 zai koya mini tsaga katako da shi. Na riga na zana gindin a kan kwali, da tsagar da ramukan duka, yana cikin aljihun rigata, ranar Asabar zan shiga kasuwa da shi.